MAGANIN RAƘUMI AJALIN KUNKURU NE

Da damana ta sauka a Agadas, kaska da ƙuda da tururuwa sukan damu kunkurun da ake kiwo a tsakar gida. Amma sau da yawa ƙwarin ba su ne ke kashe shi ba, maganin da aka zuba musu ne. Ga bayanin yadda ake raba dabbar da su, ita da shuke-shuken wurinta, ba tare da guba ba.

A Agadas, kamar sauran garuruwan Sahel, akwai gidajen da in baƙo ya wuce zaure ya shiga tsakar gida zai hangi wani abu kamar turmi a kife ƙarƙashin bedi ko magarya. Sai ya zauna an kawo masa ruwa, sa'an nan turmin ya miƙo wuya ya kama tafiya. Kunkuru ke nan. Wani maigidan ya gaje shi ne daga mahaifinsa, wani kuma makiyayi ne ya kawo masa daga daji tun yana ɗan ƙarami kamar ƙwallon goruba. Wasu suna ajiye shi domin sha'awa, wasu suna ganin alamar tsawon rai ce da albarka a gida. Akan kewaye masa gefe guda da danga, a bar masa itacen inuwa, a shuka ƴar ciyawa da yakuwa da zogale, shi kuma ya haƙa raminsa.

Ruwan sama a Agadas kaɗan ne, a yawancin shekaru ba ya wuce milimita 150, kuma kusan dukansa cikin watannin Yuli da Agusta yake zuba. To, da Telwa ta kawo ruwa, ƙasa ta yi laima, ciyawa ta tsiro, sai kunkuru ya fito daga rami ya shiga kiwo da ƙarfinsa. A daidai wannan lokaci ne ƙwari su ma suke farkawa. Ran nan yaro ya ɗaga kunkuru, sai a ga kaska ta cika hamatarsa. Maigida ya tuna akwai ragowar allurar da aka yi wa raƙumi ko tumaki, wadda ta kakkaɓe musu kaska sarai. Ya ɗebo kaɗan ya yi masa. Bayan kwana ɗaya ko biyu ƙafafu su saki, wuya ya langaɓe, dabbar da ta ga kakannin gidan ta kasa ko mayar da kanta cikin ƙwarya. Garin gyaran gira an rasa ido.

WANE NE WANNAN KUNKURU

Kunkurun Sahel shi ne na uku wajen girma a duniya. Biyu kaɗai suka fi shi, na tsibiran Galapagos da na tsibirin Aldabara, kuma dukansu mazauna tsibiri ne. A kan babban tudu kam babu kamarsa. Tsawon ƙwaryarsa yakan kai santimita 80, nauyin babban namiji yakan wuce kilo 50, har akwai waɗanda suka kusa 100. Yana iya rayuwa fiye da shekara 70. Mazauninsa ya taso daga Muritaniya da Senegal, ya ratsa Mali da Nijar da Cadi da Sudan, har ya kai Habasha. A Nijar, yankin Tarmit da Tin Tumma, wanda aka mayar gandun namun daji a shekarar 2012, yana cikin wuraren da ya rage ana samunsa a daji.

Abincinsa ciyawa ne, ɗanya ko busassa. Da zafi ya tsananta sai ya shige rami mai tsawon mitoci da dama, inda akwai sanyi da ƴar laima, ya kwanta har ruwa ya sauka. Tamata takan yi ƙwai 15 zuwa 30 a haƙa guda, ta rufe da ƙasa ta tafi abinta. Ɗan da ya ƙyanƙyashe bai fi santimita 5 ba, ƙwaryarsa kuwa taushi gare ta kamar fata.

Abu biyu ya kamata mai kiwonsa ya riƙe. Na fari, ƙwaryar nan ba sulke ba ne da aka ɗora masa. Ƙashin bayansa ne da haƙarƙarinsa suka haɗe, akwai jini da jijiya a cikinta, yana kuma jin abin da ya taɓa ta. Na biyu, jikinsa a hankali yake aiki, kamar tafiyarsa. Abin da akuya za ta ci ta fitar cikin kwana biyu, shi yakan yi mako ko fiye yana cikinsa. Haka ma guba: in ta shiga, ta daɗe ke nan.

Yawansa a daji ya ragu ƙwarai. Farin 1973 da na 1984, da yawaitar bisashe a makiyaya, da gobarar daji, da kamun da ake yi masa domin sayarwa, duk sun taru a kansa. A shekarar 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, mai mazauni a ƙasar Suwis, ta sa shi cikin jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Saboda haka mutuwar babban kunkuru guda a tsakar gida hasara ce da ta wuce gidan.

AKWATIN GILASHI DA TSAKAR GIDA

A ƙasashen Turai da Amurka, inda sanyi ba ya barin irin waɗannan dabbobi su zauna waje, masu sha'awarsu sukan gina musu akwatin gilashi cikin ɗaki. A zuba ƙasa, a dasa shuke-shuke, a kunna fitila mai ɗumi a madadin rana. Wasu daga cikin mazauna akwatunan nan ma asalinsu nan ne, kamar ƙadangaren dutse mai ƙayar wutsiya da ke cikin duwatsun Abzin. Masu akwatin suna fama da nasu ƙwarin: ƙananan ƙudaje da ke haihuwa cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, da wasu mitsi-mitsin ƙwari masu shan jini da ke ɓuya ƙarƙashin ɓawon fata. Darasin da suka koya, bayan hasara mai yawa, shi ne ba a fesa guba a wurin da dabba ke ci tana kwana. Sai dai a fitar da ita, a sake ƙasa, a rage ban ruwa. Har sukan zuba wasu ƙananan ƙwari da gangan domin su cinye ruɓaɓɓen ganye da kashi.

Ba'agadashe ba ya bukatar gilashi ko fitila, tsakar gidansa ta isa. Amma dokar ɗaya ce: wurin da aka killace ƙarami ne, kunkuru kuma da baki yake bincika kome. Abin da aka zuba a ƙasar wurin, a cikinsa zai ƙare.

KASKA, RAƁI MAI JINI

Kaska ita ce babbar abokiyar gaba. Ba ta iya huda tsakiyar ƙwarya, sai ta nemi fata mai laushi: gindin wuya, hamata, matsematsi, da kewayen wutsiya, wato wuraren da kunkuru ba ya iya sosawa. Kaɗan ba ta kayar da babba, amma in ta yi yawa takan rage masa jini, ƙarami kuwa tana iya kashe shi. Inda ta ciza yakan zama miki, miki kuma ya kira ƙuda.

Yawanci da sabon kunkurun da aka kamo daga daji take shigowa gida. Takan kuma biyo damin ciyawa, da taki, da bisashen da aka ɗaure kusa. Tamata in ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasa, ta shige tsaguwar bango ko bakin rami ta zuba ƙwai dubbai. Shi ya sa wanda ya cire ta jikin dabba kaɗai, bai gyara wurin ba, bayan ƴan makonni zai ga ta dawo.

Kayan aikin cire ta yana cikin kowane gida: matsefata, wadda ake cire ƙaya da ita. Mutum biyu ake so, da sanyin safiya. Ɗaya ya riƙe kunkuru a karkace, kada a kifar da shi a bayansa ya daɗe, domin huhunsa a saman ƙwarya yake, kayan ciki za su danne shi. Ɗayan ya jawo ƙafa a hankali, yana lura da yatsunsa, gama in babban kunkuru ya mayar da ƙafa yana iya matse yatsa da ƙarfi. A kama kaska daga kai, dab da fata, a ja sannu ba tare da fizga ba har ta saki. Kada a ɗiga mata kalanzir ko baƙin mai, kada a ƙona ta da wuta tana jiki. Hakan yakan ƙona fatar dabba, ya kuma sa kaskar ta amayar da abin da ke cikinta a cikin ciwon.

Wadda aka cire a jefa ta cikin gwangwani mai kalanzir ko cikin garwashi. Kada a murtsuke ta da farce kamar yadda aka saba. Kaskar raƙuma da shanu tana iya ɗauke da zazzaɓin nan mai sa zubar jini da ake kira na Kirimiya da Kwango, wanda ya kashe mutane a Nuwakshot a shekarar 2003, kuma ido ba ya bambanta mai cuta da marar cuta. Daga nan a wanke wurin cizon da tafasasshen ruwan da ya huce, a shafa Bétadine da aka sirka da ruwa har launinsa ya zama kamar shayi na uku. A riƙa dubawa kowane mako har damana ta wuce.

Kaskar kunkuru ba ta tsaya kan kunkuru kaɗai ba. A shekarar 2000 gwamnatin Amurka ta hana shigar da kunkurun Sahel ƙasarta, tare da wasu iri biyu na Afirka, bayan an sami kaska a jikin waɗanda aka kai can, irin wadda ke yaɗa cutar da ke tara ruwa a kewayen zuciyar shanu da tumaki da awaki. In ƙasa mai nisa haka ta ji tsoro domin garkunanta, to mai rago a turke ɗaya da kunkuru ya fi cancanta ya kula. A raba makwancinsu.

ALLURAR DA BA A YI WA KUNKURU

Maganin da aka ambata da farko sunansa ibermektin. A jikin kwalba da kwali akan rubuta ivermectine. Ya shiga kasuwa a shekarar 1981, kuma ba ƙaramin alheri ya kawo wa makiyaya ba, domin yana kashe tsutsar ciki da ƙazuwa da kaska a raƙuma da shanu da ƙananan bisashe. Ga ɗan Adam ma haka. Tun daga 1987 ake rarraba shi kyauta domin yaƙi da cutar makanta ta bakin kogi, kuma yana cikin abubuwan da suka taimaka har Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida, a watan Janairu na 2025, cewa Nijar ce ƙasa ta farko a Afirka da ta rabu da wannan cuta. Masana biyu da suka gano shi, ɗaya a Japan ɗaya a Amurka, sun sami lambar yabo ta Nobel a 2015.

To, wannan kyakkyawan suna shi ne ke ruɗin mutane. A jikin raƙumi da na mutum akwai wani shamaki da ke hana maganin kaiwa ga ƙwaƙwalwa, sai ya tsaya ga kashe ƙwaro. A jikin kunkuru yakan ratsa ya kai ga jijiyoyi, ya shanye dabbar kamar yadda yake shanye kaska. Tun shekarar 1983 likitocin gidan namun daji na birnin Washinton suka ba da labarin kunkurayen da aka yi wa allurar domin tsutsar ciki, suka shanye, wasu suka mutu. Daga lokacin likitocin dabbobi suka daina ba kunkuru shi ko kaɗan. Rage yawansa ba dabara ba ce, domin ɗan ɗigo ma yana iya kayar da shi, kuma ba shi da makari. Wanda tsautsayi ya faɗa wa, sai a sa shi wuri mai inuwa da ɗumi, a hana tururuwa da ƙuda kai masa, a nemi likitan dabbobi nan da nan. Akwai waɗanda suka farfaɗo bayan doguwar jinya. Da yawa numfashi ne ke tsaya musu.

Akwai wata hanya da ba a cika lura da ita ba. Maganin yakan fita cikin kashin dabbar da aka yi wa allura, kunkuru kuwa yana cin kashin bisashe in ya samu. Saboda haka in an yi wa rago ko akuya allura, a share turkensu kullum, kada a bar kunkuru ya kai wurin, kada kuma a zuba wannan takin a dangarsa.

Haka zancen yake ga piya-piya da ake yayyafawa a ɗaki domin sauro da kuɗin cizo, da hodar ƙwari, da ruwan wankan bisashe, da maganin feshin garka. Wanda ya zuba piya-piya a bakin rami ya rufe kunkuru ke nan cikin ɗaki marar taga tare da guba. Baƙin mai da fenti da wasu ke shafa wa ƙwarya su ma cuta ne, domin sukan shiga ta layukan da ƙwaryar ke girma.

ƘUDA DA TURURUWA DA KUSU

Ƙuda ba ya damun lafiyayyen kunkuru, ciwo yake nema. Cizon kaska, ko karon da maza ke yi da juna, ko cizon kare, ko hudar da wasu ke yi a gefen ƙwarya domin ɗaura igiya, duk ƙofa ce gare shi. Da ya yi ƙwai, cikin kwana guda tsutsa ta fito ta shiga cin nama. Alamarta wari, da ruwa mai ɗiga, da ƙudaje masu bin dabbar. A tafasa ruwa lita guda da ƙaramin cokali biyu na gishiri, a bar shi ya huce, a wanke ciwon da shi, a tsince tsutsa ɗaya ɗaya da matsefata, a shafa Bétadine sirkakke. Sa'an nan a ajiye kunkurun kan tabarma mai tsabta ƙarƙashin gidan sauro har ciwon ya bushe. In ramin ciwon ya yi zurfi, ko ya kai ƙarƙashin ƙwarya, wannan aikin likita ne. Hudar ƙwarya kuwa a bar ta sam. Danga ta fi igiya.

Tururuwa da cinnaka da kiyashi ba su iya yi wa babba kome, amma ga ƙwai da ƴaƴa annoba ne. Sukan shiga ƙwan da ya fara fashewa, su cinye ɗan tun bai fito ba, su kuma kama idanun sabon ƙyanƙyasa. Abin da ke kiransu ragowar abinci ne: ɓawon kankana, dabino, tuwo ko shinkafar da yara ke zuba wa kunkuru. Waɗannan dama ba abincinsa ba ne. A ba shi ciyawa da ganye da safe, a kwashe abin da ya rage kafin faɗuwar rana. In an gano gidan tururuwa cikin danga, a fitar da dabbar, a zuba tafasasshen ruwa a ramin, a maimaita kwana biyu ko uku. Ƴaƴan kuma a sa su cikin babbar tasa ko akwati mai yashi, a ɗora kan tebur, a tsoma ƙafafun teburin cikin gwangwanaye masu ruwa, a rufe sama da raga saboda hankaka da kyanwa. A bar musu ɗan lungu mai laima, domin a daji cikin rami suke girma, bushewa sarai tana cutar da su.

Kusu da gafiya lokacin ɗari suke ɓarna. Cikin Disamba da Janairu, sa'ad da daren Agadas ke yin sanyi ƙwarai, jikin kunkuru yakan mutu, ba ya iya kare kansa, sai kusu ya zo ya gaigayi ƙafafunsa. Shinkafar ɓera ba ta da wuri a gidan da ke da kunkuru, domin zai cinye ta, ko ya ci mushen kusun da ta kashe. Tarko ya isa, a ɗana shi kan katanga ko bayan danga inda dabbar ba ta kaiwa. A toshe ramukan bango da laka, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A kuma nisanta buhunan hatsi da dusa daga wurin.

SHUKE-SHUKEN DANGA

Duk abin da aka shuka cikin danga abinci ne, ko an nufa ko ba a nufa ba. Ciyawa irin su ƙiri-ƙiri da ƙarangiya tun tana ɗanya, da ganyen wake, da yakuwa, da rama, da zogale kaɗan kaɗan, duk suna da kyau. Tumfafiya da zurma da zaƙami kuwa a tumɓuke su tun suna ƙanana, dafi gare su.

Shukar da ake yi wa ban ruwa a tsakiyar hamada dole ta jawo ƙwari: darɓa mai sa ganye danƙo, da fararen ƙananan ƙudaje a bayan ganye, da tsutsa, da fara. Mai garka yakan yi feshi, ya jira kwanakin da aka ƙayyade kafin ya tsinka. Kunkuru ba ya jira. Saboda haka maganin danga hannu ne da ruwa. A tsince tsutsa da fara da sassafe tun ba su yi ƙarfi ba. A watsa wa bayan ganye ruwa da ƙarfi, darɓa za ta zube. Reshen da ya lalace a yanke shi a ƙone. In abin ya ci tura, a fitar da dabbar, a wanke ganye da ruwan sabulu marar ƙarfi, a ɗauraye da ruwa mai kyau, a jira ya bushe. Ruwan ƴaƴan bedi da manoma ke jiƙawa yana korar ƙwari, amma a bar shi ga shukar da bakin kunkuru ba ya kaiwa.

Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a raba danga biyu. Kunkuru yana kiwo a gefe guda, ɗayan yana hutawa ana gyara shi. Bayan mako biyu ko uku a juya. Ban ruwa kuma a yi shi da safe, daidai gindin shuka, domin ƙasa ta sha iska kafin dare. Ruwan da ya kwanta shi ke haifar da sauro da ƙananan ƙudaje, ga shi kuma yana jiƙa gindin ginin laka da ramin kunkuru ya riga ya raunana. Kaskon shansa a zubar a wanke kullum.

Sai ganyen kasuwa. Garaken bakin Telwa, daga Dabaga zuwa Azel, suna cika kasuwar Agadas da salati da kabeji da karas, masu sayarwa kuma sukan ba da ganyen waje kyauta ga mai dabba. To, ganyen waje shi ne ya fi shan feshi. A tambayi mai garka yaushe ya yi feshi na ƙarshe, a wanke ganye sosai. Amma a sani akwai magungunan da ke shiga cikin jikin shuka, waɗanda wanki ba ya fitarwa. In ana shakka, busasshiyar ciyawar daji ta fi aminci, ita ce ma abincinsa na asali. A shanya damin a rana, a kakkaɓe shi nesa da danga kafin a ba shi.

RANA DA TSINTSIYA

Agadas tana da wani magani da ba a saye. Daga Afrilu zuwa Yuni zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa, ƙasar da rana ke duka kuwa ta fi haka nesa. Kafin damana a kwashe saman ƙasar danga da tsohuwar ciyawar shimfiɗa, a ƙone ciyawar, a baza ƙasar kan kwano ko baƙar leda a tsakiyar rana kwana biyu ko uku, ko a kawo sabon yashi daga ƙorama. A yaɓe tsagogin bango. Kaska da ƙwanta ba su jure wannan. A kula dai, ranar da ke kashe kaska tana kashe kunkuru in ba shi da inuwa, ko in ya kife ba wanda ya gani.

Kuma ba kowane ƙwaro ne abokin gaba ba. Gizo-gizo da ƙoƙi-ƙoƙi da ƙadangare da tsaka suna cin ƙuda da sauro da tsutsa. Buzuzu yana binne kashi. Gara ba ta taɓa kunkuru, danga da zana take ci. Feshi yakan kashe waɗannan mataimaka tun kafin ya kai ga kaska da ke ɓoye cikin tsaguwa, daga baya ɓarnar ta dawo fiye da da. Kaji da zabi suna tsince kaska a ƙasa, ana iya sakinsu wurin babban kunkuru, amma ba wurin ƴaƴa ba, za su tsattsage su.

Bayan kowane aiki a wanke hannu da sabulu. Kunkuru, ko lafiyarsa lau, yakan ɗauki ƙwayoyin cutar zawo a cikin kashinsa. A hana ƙananan yara sa ƴaƴansa a baki, kada kuma a wanke kaskonsa wurin da ake wanke kwanonin abinci.

ABIN DA YA SHAFI HUKUMA

Nijar ta shiga yarjejeniyar Washinton kan cinikin namun daji tun shekarar 1975, kuma daga 2000 yarjejeniyar ta hana fitar da kunkurun Sahel da aka kamo daga daji domin ciniki. A cikin gida akwai doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, wadda ta tsara farauta da kare namun daji. Ma'aikatan ruwa da dazuzzuka ne ke kula da ita. Wanda ke da kunkuru a gida, ko wanda nasa suka hayayyafa har suka fi ƙarfinsa, su ya kamata ya tuntuɓa. Kada ya kai su daji ya sake da kansa, domin dabbar da ta daɗe cikin mutane da kaji da awaki tana iya kai wa ta daji cuta. A Senegal an buɗe wata cibiya a ƙauyen Noflay, kusa da Dakar, a shekarar 2001, inda ake karɓar kunkurayen gida a duba lafiyarsu, kuma a 2006 aka fara mayar da wasu dajin Ferlo bayan dogon shiri.

Wanda aka kawo wa sabon kunkuru, ya ware shi wuri dabam wata biyu ko uku, yana duba shi kowane mako, kafin ya haɗa shi da na gida. Abin da ya fi wannan shi ne a daina sayen na daji, gama kowane ciniki kira ne ga mai kamawa ya koma.

Akwai aiki kuma a wuyan ma'aikatan kiwo da malaman yaƙi da jahilci. Kwalbar ibermektin tana ɗauke da hoton saniya da raƙumi da tunkiya, gargaɗin da ke jikinta kuwa da Faransanci ko Ingilishi yake, da ƙananan baƙaƙe. Jimla guda ta isa a faɗa a kasuwar bisashe da wurin allurar garke da cikin aji: wannan magani ba a yi wa kunkuru. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa.

Hausawa sun ce kunkuru yana son dambe, ba shi da yatsa. Kaskar da ke hamatarsa ma sai an cire masa. Matsefata, da tsintsiya, da tafasasshen ruwa, da duba na kowace Juma'a, su ne dukan abin da yake bukata, kuma wanda ya lizimce su yana iya barin wa jikokinsa dabbar da ya gada. In kunne ya ji, jiki ya tsira.